Shuka ganyen miya ba tare da ƙasa ba a tsakar gida: zai yiwu a zafin Maraɗi?

Uwargida daga unguwar Zariya:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar noma a kan wata hanya ta shuka kayan lambu ba tare da ƙasa ba, wadda ake kira haidrofonik, inda saiwar tsiro take zama cikin ruwan da aka narkar da taki a ciki. Gidan da muke ciki na haya ne, an yi wa tsakar gidan daɓen siminti tun daga bakin zaure har ƙofar ɗakuna, kuma mai gidan bai yarda a fasa ko'ina ba, saboda haka babu wurin da zan haƙa ko da ɗan ƙaramin fage. Abin da nake so shi ne in riƙa samun salati da alayyafo da na'ana'a, in da hali har da tumatir, waɗanda na san da ruwan da aka ba su da abin da aka fesa musu, domin yara ne suka fi cin ɗanyen ganye a gidan.

Abubuwa uku ne suka tsaya mini. Hotunan da nake gani duka na bututai ne da injin da ke zagaya ruwa dare da rana, alhali kowa ya san yadda wuta take ɗaukewa a nan idan bazara ta kama. Sannan ban san ko takin zamani na buhu da ake sayarwa a kasuwa, wato 15-15-15 da yuriya, zai wadatar ba, ko kuwa dole sai an nemo wani taki na musamman. Abu na uku shi ne zafi: idan ruwan randa ma yana ɗumi a watan Afrilu, yaya saiwar da ke kwance cikin jarkar roba za ta kasance? Duk wanda ya san wani abu tabbatacce ya taimaka, Allah ya saka da alheri.

Tsohon malamin gona, Ali Ɗan Sofo:

Wa alaikumus salam. Hajiya, tambayoyinki sun tafi kan abin da ya kamata a tambaya, kuma na ukun ne ya fi nauyi, amma bari in soma da batun wuta tun da shi ne ya fi sauƙin warwarewa.

Bututan da kike gani hanya ɗaya ce cikin hanyoyi da yawa. Wani masani mai suna Allen Cooper ne ya ƙirƙiro ta a Ingila wajen shekarun 1960, kuma ruwan da ke gudana a cikinta siriri ne ƙwarai, ta yadda idan injin ya tsaya da tsakar rana saiwa tana iya bushewa kafin a yi la'asar. Ban ga dalilin da zai sa mai gida a Maraɗi ya soma da ita ba, sai dai in yana da hasken rana da batir da ya amince da su. Akwai wata hanya da Bernard Kratky na Jami'ar Hawai a Amurka ya bayyana, wadda ba ta buƙatar inji ko wuta ko kaɗan. Ana samun bokiti ko jarka mai murfi wadda haske ba ya ratsawa, a huda murfin, a zaunar da ɗan kofin roba da aka yi wa huji da yawa a ƙasa da gefe, a sa dashen a ciki da ɗan soso ko tsakuwa su riƙe shi. Ranar farko ana cika ruwan takin har ya taɓa gindin kofin da kamar santimita 1 zuwa 2. Daga nan tsiron yana sha, ruwan yana sauka, saiwa tana binsa ƙasa, sai a samu fili tsakanin murfi da saman ruwa. Wannan filin mai danshi shi ne numfashin tsiron, domin saiwar da ta rage a cikinsa ita ce take ɗaukar iskar oksijin, ta ƙasa kuma tana shan ruwa da taki. Saboda haka idan ruwa ya yi ƙasa ba a sake cika mazubin har baki; wanda ya yi haka ya nutsar da saiwar numfashi, kuma tsiron zai yi yaushi alhali yana tsakiyar ruwa. Kan salati guda yana buƙatar kamar lita 4 zuwa 6 daga dashe zuwa yanka, wato mako huɗu zuwa biyar, kuma a zafinmu gara a ɗauki adadi na sama.

Batun taki kuwa, amsar ita ce 15-15-15 da yuriya ba za su yi ba, kuma yana da kyau ki san dalili domin kada wani mai sayarwa ya ce miki duk ɗaya ne. A gona ƙasa ce take cika abin da buhu bai kawo ba. Ita take ba da kalsiyam da magniziyam da ƙarfe da sauran sinadaran da tsiro ke buƙata kaɗan-kaɗan, irin su boron da zinki da manganis, kuma ƙananan halittun da ke cikinta su ne suke juya yuriya ta koma nitrat, wanda saiwa ta fi karɓa cikin sauƙi. A cikin jarka babu mai yin wannan aiki. Takin buhu yana barin laka a ƙasan mazubi, yawancin nitrojin ɗinsa na amoniyam ne ko yuriya, wanda idan ya yi yawa a ruwa mai ɗumi yana ƙona saiwa, sannan ko tsiron ya rayu za ki ga sabon ganye yana fitowa rawaya saboda rashin ƙarfe, bakin ganyen tsakiya kuma yana ƙonewa saboda rashin kalsiyam. Tun shekarun 1860 masana biyu na Jamus, Sachs da Knop, suka nuna cewa tsiro yana girma a ruwa zalla muddin an haɗa masa dukkan abin da yake buƙata, kuma haɗin da Hoagland da Arnon suka wallafa a Kalifoniya a 1938 har yanzu a kansa ake gina yawancin na kasuwa.

Abin da za ki nema kashi uku ne: taki mai narkewa gaba ɗaya wanda aka rubuta a jikinsa cewa yana ɗauke da ƙananan sinadaran, sai nitrat na kalsiyam, sai gishirin magniziyam da ake kira Epsom. Wani haɗi da masu yi a gida suka saba da shi shi ne na taki mai lamba 4-18-38, inda ake sa kamar giram 0.6 nasa, da giram 0.6 na nitrat na kalsiyam, da giram 0.3 na Epsom a kowace lita. A jarkar lita 20 ke nan giram 12 da 12 da 6, kuma wannan aikin ƙaramin sikeli ne irin na masu sayar da zinariya, ba na cokali ba. A narkar da kowanne daban, a zuba na kalsiyam a ƙarshe bayan ruwan ya cika, domin idan ya haɗu da sauran suna da kauri sai su daskare su zama farin gari wanda saiwa ba ta iya sha. Tsamin ruwan, wato pH, ya zauna tsakanin 5.5 da 6.5, idan ya haura 7 ƙarfe yana nan cikin ruwan amma tsiro ba ya samunsa. Ruwan famfo a bar shi ya kwana a buɗe kafin a haɗa, ruwan rijiya kuma a gwada shi, ruwan sama da aka tara da damina ya fi su duka.

Yanzu zafi. Saiwar salati ta fi jin daɗi idan ruwa yana tsakanin digiri 18 da 24. Ruwa mai digiri 20 yana riƙe oksijin kamar miligiram 9 a lita, a digiri 30 ya sauka zuwa kamar 7.5, kuma a daidai lokacin ne saiwa take buƙatar iskar fiye da da, cutar ruɓewar saiwa kuma take samun ƙarfi. Shi kansa salati idan zafi ya dawwama sama da digiri 30 yakan miƙe ya yi kara ya nufi fure, ganyen ya yi ɗaci, irinsa ma ba ya son tsira a irin wannan yanayi. A garin da Afrilu da Mayu suke wuce digiri 40, jarkar da aka ajiye a kan siminti a rana ba za ta raya salati ba ko da an zuba mata taki mafi tsada. Shawarata ita ce ki soma a Nuwamba, ki yi salati har zuwa Fabrairu, ki koyi aikin a lokacin da yanayi yake taimakonki.

Mai lambu daga Jiratawa:

Baba malam ya yi bayani na ilimi kuma ban ga abin da zan gyara a ciki ba, amma Hajiya, ina so ki dubi lissafin ta wani gefen kafin ki kashe kuɗi. Watannin da aka ce ki shuka salati su ne watannin da mu masu lambu a Jiratawa da Sumarana da duk bakin gulbi muke kawo shi gari har ya yi yawa, kuma a lokacin ne ya fi araha a duk shekara. Lokacin da yake tsada, wato bazara da farkon damina, shi ne lokacin da jarkarki ma ba za ta iya ba da shi ba. Idan niyyarki ta rage kuɗin cefane ce, to kuɗin takin nan uku da sikeli da abin gwada ruwa zai daɗe bai dawo ba, balle ma ba kowane shagon kayan gona ne yake ajiye irin wannan taki ba, sau da yawa sai an sa wani ya zo da shi daga Yamai ko Kano. Idan kuwa niyyar ita ce ki san abin da ƴaƴanki suke ci, wannan dalili ne mai ƙarfi, kuma ba zan musa miki ba, domin ni kaina na san ba kowane mai lambu ne yake jiran kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar magani su cika kafin ya yanka ba.

Abin da nake gani shi ne a daina ɗaure wannan aiki da salati. Alayyafo da lalo da yakuwa da rama ganyenmu ne, sun san zafin nan, kuma su ne ake nema a tukunya kullum. Alayyafo ana yankarsa ya sake toho, na'ana'a kuma reshe kawai ake tsomawa ya yi saiwa, yana kuma son ɗan inuwa, wanda ya dace da tsakar gida. Tumatir dai ina ba ki shawara ki bar shi tukuna. Yana ɗaukar wata uku zuwa huɗu, yana shan ruwa mai yawa idan ya soma ƴaƴa, furensa yana zuba idan zafi ya tsananta, kuma rashin ƙasa ba ya hana farin ƙuda zuwa, haka nan tsutsar nan mai haƙa cikin ganye wadda ta cinye tumatir a arewacin Najeriya a 2016. Abin da za ki tsira daga gare shi shi ne ciyawa da tsutsar ƙasa mai sa saiwa ƙulli, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya sha fama da su. Ƙwarin sama kuwa sai kin riƙa duba bayan ganye da safe, kina fesa ruwan ƴaƴan bedi da aka daka aka jiƙa aka tace, da yamma idan rana ta yi sanyi.

Uwargida daga unguwar Zariya:

Na gode ƙwarai, Baba, na gode Malam. Maganar tsabtar abin da yara ke ci ita ce a gabana, ba ciniki ba, kuma na karɓi shawarar barin tumatir. Sai dai har yanzu ina son sanin ko akwai dabarar da za ta sa ruwan ya rage zafi idan Maris ya shigo, domin ba na so in yi wata huɗu ina aiki sannan in kife jarkoki har shekara ta zagayo. Kuma maigida ya tayar da maganar sauro, yana cewa ba zai yarda a tara ruwa a tsakar gida ba ga yara ƙanana, kuma ina ganin yana da gaskiya.

Ɗalibar aikin gona a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo:

Inna, maganar maigida gaskiya ce, kuma maganinta shi ne murfi. Sauro ba ya yin ƙwai sai ya samu hanyar sauka a kan ruwan, saboda haka murfin ya zauna daram, kofin ya cika hujin da aka yi masa, duk wata kafa da ta rage a toshe ta da soso ko a rufe da guntun gidan sauro. Wannan rufewar ita ce kuma take hana haske shiga, wanda in ya shiga gansakuka za ta cika ruwan ta cinye taki da iska. Jarka mai launin rawaya da ake zuba mai a ciki haske yana ratsa ta, sai an naɗe ta. Kuma kada a yi amfani da wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin ƙwari.

Game da zafi, abu na farko shi ne a raba mazubin da siminti, a ɗora shi a kan katako ko bulo, a wurin da yake samun ranar safe kamar awa huɗu zuwa shida, rumfar zana kuma ta kare shi daga azahar zuwa la'asar. Mazubi babba ya fi ƙarami jinkirin ɗaukar zafi, don haka rabin duro mai tsiro shida ya fi ƙananan galan shida. A shafa masa farin fenti a waje, ko a naɗe shi da buhun algarara a riƙa jiƙawa, domin busasshiyar iskarmu tana sanyaya jiƙaƙƙen buhu kamar yadda take sanyaya randa. A irin wannan lokaci tsiro yana shan ruwa fiye da taki, sai abin da ya rage a mazubi ya yi gishiri, don haka a rage ƙarfin haɗin, abin da za a ƙara kuma ya zama ruwa zalla, kaɗan-kaɗan, ba tare da an rufe saiwar sama ba.

Amma ni abin da na fi ganin ya dace da gidanki bayan Fabrairu shi ne teburin da aka yaɗa a Dakar tun 1999 da taimakon hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO. Tebur ne na katako mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, zurfinsa bai kai taƙi ɗaya ba, a shimfiɗa masa baƙar leda, a sa ɗan bututu a gefe domin rarar ruwa ta ɗiga cikin bokiti a mayar da ita. Maimakon ƙasa, ana cika shi da ɓawon gyaɗa da buntun shinkafa da tsakuwar marmara, kuma ba sai na gaya wa mutumin Maraɗi inda ake samun ɓawon gyaɗa ba. Ana jiƙa ɓawon kwanaki ana sauya ruwa har ya daina fitar da launi, sannan a haɗa. Amfaninsa a zafi shi ne saiwa ba ta kwance cikin ruwa, iska tana ratsa ɓawon ko'ina, babu kuma ruwan da ya tsaya balle sauro ya samu. Ana ba shi ruwan takin da Baba ya kwatanta kowace safiya, lita 1 zuwa 3 gwargwadon yanayi, rana ɗaya a mako kuma a ba shi ruwa zalla mai yawa ya wanke gishirin da ya taru. A lissafin FAO irin wannan tebur yana iya ba da kan salati 36 a kwana 60. Aibinsa shi ne ba a mantawa da shi ko na yini ɗaya a bazara, domin ɓawo ba ya riƙe danshi kamar ƙasa. A kansa za ki iya yin salati da sanyi, ki koma alayyafo da lalo da zafi, aikin bai tsaya ba.

Mai kiwo daga Tibiri:

Salamu alaikum. Tun da ana maganar shuka ba ƙasa, ina so in ƙara wani ɓangare da ya shafi gidajen da ke turke rago ko jar akuya, domin na ga ana yaɗa shi da alkawarin da ya wuce gaskiya. Ana jiƙa masara ko alkama kamar awa 12, a baza a faranti mai huji kaurin yatsa, a ajiye a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa sau uku ko huɗu a yini, cikin kwana 7 zuwa 8 ta zama tabarmar ciyawa kore wadda dabba take cinyewa har saiwa. Wannan ba ya buƙatar taki ko kaɗan, domin ƙwayar ce take ciyar da tsiron a kwanakin. Hukumar abinci ta duniya, wadda muke kira PAM, ta yi irin wannan aiki da sha'ir a sansanonin ƴan gudun hijirar Sahrawi kusa da Tinduf a Aljeriya, ta kuma kai shi gabashin Chadi, wuraren da ɗanyar ciyawa ba ta samuwa mafi yawan shekara.

Abin da ba a faɗa shi ne, kilo 6 ko 7 da ake cewa kilo ɗaya yana bayarwa, mafi yawansa ruwa ne, kusan kashi 85 cikin 100 ko fiye. Idan aka busar aka auna, abincin bai ƙaru a kan ƙwayar da aka jiƙa ba, raguwa ma yake yi, saboda tsiron ya ƙona wani abu wajen tsira. Don haka ba ya maye gurbin harawa da dusa da ƙuli-ƙuli. Amfaninsa shi ne ɗan kore a ƙarshen rani ga akuya mai shayarwa ko dabbar da ta daina marmarin busasshen abinci. A shekarar da hatsi ya yi tsada kuwa sai mutum ya yi tunani kafin ya jiƙa masarar da gida zai ci.

Hajiya, idan akwai dabba a gidan kuma kika so gwadawa, kada ki yi da dawa. Tsiron dawa yana da guba tun yana ƙarami, irin wadda makiyaya suka sani a gyauron dawa mai kashe dabba cikin ɗan lokaci. Kada kuma a yi da irin shuka da aka turara da jan magani. Fumfuna ita ce babbar matsala a zafi, saboda haka a wanke faranti da ruwan jabel bayan kowane zubi, a bar iska tana ratsa wurin, kuma duk farantin da ya yi wari ko ya fitar da baƙi ko kore a gindin saiwa a zubar da shi gaba ɗaya, kada a yanke gefen da ya lalace a ba dabba sauran.